Sarƙar da Baba Ya Ɗaura a Ƙugu

Duk lokacin da wani saurayi ya gifta gaban teburina a kan keke da sarƙa ɗaure a ƙugu, sai in ajiye ludayin koko in bi shi da harara. Abin ya zama yayi yanzu a Accra. Za ka gan su sun gangaro daga unguwar Kokomlemle, sarƙar cikin rigarta mai ruwan ɗorawa ko shuɗiya, kwado yana lilo a kan mara, su a dole 'yan birni. Ni kuwa ba na iya yin shiru. Nakan ɗaga murya in ce, "Kai! Cire wannan tsiyar daga cikinka!" Wasu su yi dariya, wasu su ce Anti mai koko ta fara. Su yi ta dariyarsu. Na tsani abin nan, kuma ba ƙiyayyar banza nake yi masa ba, shi ya ci ubana.

Baba wanzami ne, ɗan wanzami. A Maamobi aka haife shi, a gidan hayan da muke ciki har yau, can kusa da babbar kwata. Askin jarirai ranar suna, kaciya, ƙaho, duk shi ake kira, tun daga unguwar Nima har unguwar Madina. Ba ya shiga trotro, motar hayar garin nan. Ya ce ba zai zauna a matse shi kamar kifin gwangwani ba, ga zabirarsa a kan cinya kowa yana gogarta. Zabira ita ce jakar fatar da wanzami yake zuba asake da ƙahoni, kuma a wajenmu ba mai taɓa ta sai mai ita. Saboda haka keke ne ƙafarsa. Ya ɗaure zabira a kariya, ya tattare riga, ya hau. Mahaifiyarmu ta rasu da daɗewa, ni ce babba, ni ke dafa masa, ni ke wanke masa kaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ni ma na ɗauki sunan da gaske, ina yi masa faɗa kamar ni na haife shi.

Sau biyu ana sace masa keke. Na farko a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya fito ya tarar da wuri wayam. Na biyu a gidan suna a Nima, ya kulle shi da siririyar wayar nan, aka datse ta kamar zaren ɗinki yana ciki yana aske kan jariri. Ranar a ƙasa ya dawo, zabira a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Bai ci tuwo ba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, sai ka ce rasuwa aka yi masa. Da ya samu ya sayi na uku, wani baƙi mai ƙararrawa mai zaƙin murya, sai ya rantse cewa wannan kam sai dai a sace shi tare da shi.

A nan ne ƙaninsa ya shigo, wanda muke kira Baba Ƙarami. Kayan keke na gwanjo yake sayarwa a bakin titin Nima: tayoyi, sirdi, feda, duk tarkacen da aka gaji da shi a Turai. Mutum ne mai baki. Abin da ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ma ya faɗa da ƙarfi fiye da wancan. Wata safiya ina tace gasara a tsakar gida sai ga shi da wani abu a baƙar leda, yana tafe yana washe baki.

"Yaya, wahalarka ta ƙare," in ji shi. Ya zazzage ledar a kan tabarma, ƙarfe ya ce kacau.

Sarƙa ce mai kauri cikin wata yagaggiyar rigar yadi, da kwado ƙato kamar dunƙulen hannu. Ya ce Turawa ke ɗaura ta a ƙugu kamar bel in za su hau keke, in sun sauka su kwance su kulle keken da ita. Ba ta cin wuri, ba ta goge fenti, ba ka mantawa da ita a gida. Na goge hannuna na ɗauka, nauyinta ya kusa sa ni sakinta. A gefe ɗaya na ga wani guntun maɗauri na roba ya karye, ya rage rabi.

"Baba Ƙarami, wannan fa na mene ne?" na tambaye shi.

"Wannan? Kwalliya ce kawai."

"Ba kwalliya ba ce. Da shi ake ɗaurawa a jiki, don in wani abu ya faru a fizge kawai ta fita. Ga shi ya karye."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Oho, yanzu mai koko ce za ta koya mini kayan keke? Yaya, rabu da ita. Ka zagaya ka danna kwadon kawai, ai ya fi wannan robar ƙarfi sau dubu."

Baba ya miƙe ya zagaya ta a ƙugunsa, ya danna kwado, ya ce ƙyas. Ya ɗan yi tsalle don ya ji zamanta. Ya yi murmushi irin wanda rabona da gani tun kafin satar farko. Ni kuwa kwadon nake kallo. Tsoro ɗaya ne ya shige ni tun daga ranar, bai kuma fita ba: ranar da tsohon nan zai faɗi daga kan keke da wannan dunƙulen ƙarfe a kan cikinsa.

Bai yarda ya ɗaura ta a kan riga ba. Ya ce dattijo kamarsa ba zai yi yawo da sarƙa a fili ba, mahaukaci ake gani da sarƙa, sai akuyar layya. Ƙarƙashin riga ya mayar da ita. Kwana kaɗan ƙarfen ya fara cin fatarsa ta wuraren da yadin ya yage, ga zafin garin nan, ga gumi, ƙuraje suka feso masa zagaye da ƙugu. Na ce alhamdu lillahi, yanzu zai haƙura. Ina! Sai ya kwashe ta ya kai wa wani baduku a Nima, aka cire yadin aka ɗinke ta ruf da jar fata, kwadon kaɗai ya rage a waje. Da ya dawo da ita na kalla na ce, "Baba, wannan ai guru ne sak." Ya yi dariya har da buga cinya.

Guru shi ne ɗamarar fatar da masu asiri ke ɗaurawa a ƙugu, wadda ake cewa tana hana ƙarfe shiga jiki. To ka haɗa lissafin da kanka. Ga wanzami, wanda dama mutanen zango, wato unguwannin Hausawa, sun ɗauka ba ya rasa ɗan abin da ya taka. Ga shi ya sauka daga keke, ya juya baya, ya sa hannu ƙarƙashin riga, ya zaro wani jan abu mai kwado ya naɗe keke da shi. Kafin wata ya ƙare labari ya gama Maamobi. Wai wanda ya taɓa keken hannunsa zai shanye. Wai wani ɓarawo ya gwada a Madina, ya manne a jikin sirdi har sai da Baba ya fito ya sake shi. Ƙarya tsagwaronta, kuma na san masaƙarta. A rumfar Baba Ƙarami ake saƙa ta, shi ke zaune yana ba 'yan okada da masu faci labari, wai daga arewa ya karɓo wa yayansa ita wajen wani tsoho, wai sai da aka yanka baƙin bunsuru. Mutumin da ya ciro ta daga ƙasan buhun gwanjo da hannunsa! Girma ya samu a ciki, ana ce masa ƙanin mai guru, ana ba shi wuri a benci.

Baba bai taɓa cewa guru ba ne, amma bai taɓa cewa ba guru ba ne. In an tambaye shi sai ya shafa gemu ya ce, "Allah dai ya tsare mu." Abin ya yi masa daɗi. Kuma in faɗi gaskiya, ko da ba na so: ba a sake taɓa masa keke ba. Wannan ita ce hujjarsa kullum, da ita yake rufe mini baki.

Ni kuma hujjojina ba su da iyaka. Bayansa ya fara ciwo, yana tashi daga tabarma da ƙyar. In sallah ta kama shi a hanya sai ya nemi inda zai juya baya ya kwance kafin ya iya ruku'u. Makullin kuma a cikin zabira yake ajiye shi, can ƙasan asake, don ya ce aljihu yana zubar da abu. Ranar da cikinsa ya ɓaci, na gan shi ya shigo gida a guje, yana zazzage zabira a tsakar gida yana neman makulli, ga layi a banɗaki, ga matan gida sun toshe baki da mayafi. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu.

"To, mai guru, yau gurun bai hana ba?"

"Uwata, ki ji tsoron Allah ki taya ni nema."

"Ba na taɓa zabira, kai ka hana. Baba, don girman Allah, ka naɗa ta a jikin keken mana. Ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe."

"Ta kankare mini fenti? Ta riƙa yi mini kacau-kacau a hanya kamar mai tallan kwanuka?"

"To sa ta a kariya."

"Zabira kuma in ɗora a kaina?"

"Fenti ya fi cikinka ke nan?"

Ya samu makullin, ya wuce da sauri. Haka muke yi kusan kullum. Na roƙa, na yi fushi, na yi gatse, na haɗa shi da limamin unguwa, duk a banza. Har ɓoye ta na taɓa yi, na tura ta cikin buhun gero. Ya nema ya rasa, ya gane ni ce, bai ce mini uffan ba. Sai kawai ya daina cin abincina. In ajiye masa kwano, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Ya ƙi fita aiki, ya zauna gadin keke a zaure, mutane suna ta aiko a zo a yi wa jariransu aski. Sai ga Baba Ƙarami ya zo da wa'azin biyayya ga iyaye, yana ɗaga murya don matan gida su ji, wai 'ya mace ta sa hannu a kayan asirin ubanta, wai in wani abu ya same ni kada a neme shi. Na ce masa, "Kai da ni mun san abin da ke cikin fatar nan." Ya yi kamar bai ji ba. Tsoho yana ramewa a gabana, dole na fito da ita na ajiye masa a bakin ƙofa. Da yamma ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Na tashi kasuwa da wuri na tafi Madina sayen gero da kayan yaji. Shi kuma yana da suna a Kokomlemle. Ya gama askinsa, ya kwance keke, ya ɗaura sarƙar, ya jefa makulli a zabira kamar kullum, ya kamo hanyar gida. A wata gangara wani mai tasi ya buɗe ƙofa ba tare da ya duba ba. Baba ya kauce, taya ta zame a laka, ya tashi ta saman kan keken ya faɗo rub da ciki a kan bakin kwata na siminti. Kwadon yana daidai ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu.

Wannan duk daga baya na ji shi, daga bakin wata mata 'yar ƙabilar Ga mai sayar da dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a wurin. Ita ta fara isa kansa. Ta ce ba jini ko ɗigo, sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu, amma ya riƙe ciki yana nishi. Ta kai hannu za ta ɗaga rigarsa ta duba, sai wasu mutanenmu 'yan zango da suka san shi suka daka mata tsawa. Kada ta kuskura, wanzam ne, abin da ke ƙugunsa ba na taɓawar mace ba ne. Ta ja da baya. Aka kira Baba Ƙarami a waya, ya zo, ya dubi yayansa a kwance, ya dubi taron da ya kewaye su, ya ce, "Kun gani ko? Wani ne da yanzu hanjinsa na waje. Ko jini babu." Aka yi ta kabbara. Ya jingina keken da zabirar a jikin kiyos ɗin matar, 'yar rumfar da take sayar da abinci, ya sa Baba a tasi. Ba asibiti ya nufa da shi ba, gida ya kawo shi.

Kuma Baba Ƙarami ya hana a kira ni. Ya ce in na zo surutu kawai zan cika musu gida da shi. Tun hantsi tsohon nan yake kwance a ɗakinsa, maza sun cika ɗakin suna yi masa sannu, ana ba shi ruwan rubutu, ana ba da labarin yadda guru ya tare siminti. Sai da aka yi azahar wata maƙwabciyarmu ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta shiga banɗaki ta kira ni a ɓoye. Na bar buhun gerona a wajen mai shi na faɗa trotro. Cunkoson hanyar Madina ranar, Allah kaɗai ya san abin da na faɗa wa direban nan, shi da ba ruwansa.

Da na shiga ɗakin ban gane fuskar ubana ba. Leɓɓansa sun yi fari, gumi mai sanyi ya jiƙa masa goshi, numfashinsa gajere-gajere. Ya ce ƙishirwa yake ji, kafaɗarsa ta hagu kuma tana masa ciwo.

"Me kuke jira da shi a nan?" na tambayi ɗakin gaba ɗaya.

"Ke, yi a hankali," in ji Baba Ƙarami. "Buguwa ce kawai. Jikinsa a dafe yake, zuwa gobe zai miƙe."

"An duba cikin?"

Suka kalli juna, suka kalli ƙasa. Maza cike da ɗaki, masu gemu, masu carbi, tun safe ba wanda ya iya ɗaga rigar mutum ya ga abin da ke ƙarƙashi.

Na durƙusa a gabansa. A wajenmu 'ya ba ta buɗe cikin ubanta, balle a gaban mutane, kuma na san haka sarai. Da na kama bakin rigar ya riƙe mini hannu, riƙon da ba ƙarfi a cikinsa.

"Uwata, a gaban jama'a?"

"Baba, ka yafe mini."

Na ɗaga. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwarya, jar fatar nan ta nutse a cikin naman har ba a iya zura yatsa. A gefen hagu ga shatin kwadon nan ya fito baƙi ƙirin, da kusurwoyinsa huɗu, kamar an buga masa hatimi. Wani daga cikin mazan ya yi salati ya fice.

"Ina makullin?"

"Zabira," Baba ya ce da ƙyar.

"Ina zabirar?"

Sai a lokacin Baba Ƙarami ya ce tana Kokomlemle tare da keken. Wallahi da akwai taɓarya kusa da ni da na sauke masa ita a ka. Na fita da gudu ba takalmi zuwa wajen mai walda na bakin lungunmu, mutumin da kullum yake shan kokona bashi-bashi ban taɓa hana shi ba. Na ce ya ɗauko abin yankan ƙarfe ya zo ya cire wa ubana sarƙa. Ya biyo ni har ƙofar ɗaki, ya leƙa, ya ga jar fatar, ya tsaya cak.

"Anti, ki yi haƙuri. Ina da yara ƙanana."

"Sarƙar keke ce! Gwanjo ce! Ƙarfe ne kawai a ciki!"

Ya girgiza kai yana kallon Baba Ƙarami. Na juya ni ma na kalle shi. A ɗakin nan mu uku ne muka san gaskiyar abin nan: ni, da wanda ke kwance magana tana gagararsa, da shi.

"Baba Ƙarami, faɗa masa. Faɗa masa daga ina ka samo ta."

Rabin mutanen da ke wurin a rumfarsa suka ji labarin tsohon arewa da baƙin bunsuru. Na ga ya dubi wannan ya dubi wancan. Kalma ɗaya ake nema daga bakin da bai taɓa gajiya da magana ba.

"To," ya ce, "abin da ya shafi asiri, ni ba zan sa wani ya sa hannu ba."

Ya gwammace cikin yayansa ya ci gaba da kumbura da a ce ya buɗe baki a gaban 'yan benci ya ce ƙarya yake yi. Wannan ba zan yafe ba. An yi mini wa'azi a kai har na gaji da ji, kuma har yau ban yafe ba.

Matan gida ne suka taimake ni. Mu muka ɗauke shi a tabarma, mu muka ratsa lungu da shi har bakin titi, mazan suna biye da mu a baya kamar masu rakiyar amarya. A tasi na ɗora kansa a cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya matse mini hannu.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Nas ta tambayi makulli, na ce babu, ta aika aka zo da wani ƙaton almakashin ƙarfe. Wani ma'aikaci, ko sanin me ake kira guru bai yi ba, ya tsarge fatar da reza, ya datse sarƙar, ta faɗi ƙasa. Ga ta nan, ƙarfe mai tsatsa da warin gumi, ba laya ba rubutu. Hannun mutumin bai shanye ba, ya ma sa ƙafa ya ture ta gefe don kada a yi tuntuɓe. Baba ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda bai samu ja ba tun safe. Likita ya taɓa cikin ya ce saifa ce ta fashe, jini yana ta zuba a ciki tun lokacin da ya faɗi, dole a shiga da shi tiyata yanzu. Ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru. Da na faɗa masa sai ya dube ni, ya kau da kai.

Suna tura gadon ina bin gefensa, sai na ga leɓɓansa suna motsi. Na sunkuya na kai kunnena, ina zaton kalmar shahada ce ko wata wasiyya.

"Uwata," ya ce, "keken nan fa ban kulle shi ba."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Bai fito daga ɗakin tiyatar da rai ba.

Ko kwana biyu ba a yi ba wani sabon labari ya tashi a wajen zaman makoki, ya zagayo ta bakin mata ya iso kunnena. Wai yanke gurun ne ya kashe shi. Wai tun safe yana riƙe da ransa, 'yarsa mai taurin kai ta kai shi aka datse. Ni ke nan na kashe ubana. Baba Ƙarami yana zaune a tsakiyar maza yana karɓar gaisuwa, ana faɗar haka a gefensa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Guntayen sarƙar suna ɗakina, na taho da su daga asibiti a leda. Na ɗauko, na ratsa tabarmin maza, wurin da mace ba ta takawa ranar makoki, na zazzage masa su a gaban gwiwa.

"Ga gurunka nan. Ka mayar buhun da ka ciro shi."

Wasu suka ja ƙafafunsu baya kada ƙarfen ya taɓa su. Har a lokacin! Liman ya ce in yi haƙuri in koma ciki, na koma. Tun ranar ban sake gaishe da Baba Ƙarami ba, ko da Sallah, kuma in na biyo ta titin Nima nakan tsallaka ɗaya gefen kafin in kai rumfarsa.

Sai bayan sadakar bakwai na tuna da keken. Ba wanda ya je ɗauko shi, kowa yana jiran wani ya fara. Na tafi Kokomlemle ba don ina sa ran samun komai ba, garin da ake datse waya mutum yana ciki yana aski. Na dai je ne in ga wurin da ya faɗi.

Yana nan jingine a jikin kiyos ɗin mai dokunu, a bakin titi, inda dubban mutane ke wucewa. Ruwan sama ya dake shi, laka ta bushe a tayoyin. Zabira tana ɗaure a kariya yadda ya ɗaure ta. Ƙararrawa tana nan, famfo yana nan, ko murfin bawul ba a cire ba. Matar ta gane ni, ta fito tana goge hannu a zani, ta yi mini gaisuwa da Hausarta ta kasuwa.

"Kin shigar da shi ciki ne da dare?" na tambaye ta.

"Ni? Ban taɓa shi ba. Ba wanda ya taɓa. Keken babanka ne fa, kowa ya sani. Wa zai taɓa keken wanzam?"

Na zauna a bakin kwatar nan, a kan simintin, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na gama na kwance zabirar, na buɗe ta karo na farko a rayuwata. Makullin yana can ƙasa, ƙarƙashin asake, ɗaure da ɗan jan zare.

Ban iya hawan keke ba, don haka turo shi na yi har Maamobi. Yana zauren gidanmu har yau, jingine da bango, ba sarƙa ba kwado, ƙofar kuma a buɗe take wuni.